Daga Waya Zuwa Faifan DVD: Manhajar Da Za Ka Nema, Da Yadda Za Ka Buga Bidiyon Da Na'ura Za Ta Karanta

Darasinmu na yau a kan abin da mutane da yawa suke ganin zamaninsa ya wuce ne, wato faifan DVD. A wajen mai babbar waya da data kam ya wuce. Amma har yanzu akwai gidajen da talabijin da na'urar DVD su ne abin kallo, kuma yawanci gidajen iyaye ne da kakanni, waɗanda suka fi kowa son ganin bidiyon ɗaurin aure, ko suna, ko saukar karatu, ko dawowar alhazai. Ba za ka bar musu wayarka ba, su ma ba za su taru su goma a kan ɗan ƙaramin allo ba. Faifai suke so su sa, a danna rimot, kowa ya zauna ya gani.

Ga abin da ya fi faruwa. Mutum ya sayi faifai, ya kwafi bidiyon daga waya zuwa kwamfuta, ya tura shi kan faifan. Ya gwada a kwamfutar, ya buɗe lafiya lau. An kai gida an sa a na'ura, ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta rubuta No Disc, ko ta nuna sunan fayil ɗin ta ƙi buɗe shi. Sai a ce faifan jabu ne, ko na'urar ta tsufa. Galibi duka biyun lafiyarsu ƙalau. Manhajar da aka yi aikin da ita ce ta yi rabi ta bar rabi.

Aiki biyu ne: tsarawa da bugawa

Bugawa ita ce rubuta bayanai a jikin faifai da hasken leza. A manhajoji za ka ga an rubuta Burn, ma'ana ƙonawa, domin lezar tana ɗan ƙona wani sinadari ne da ke cikin faifan. Wannan kowace kwamfuta mai abin buga faifai tana iyawa. Windows ma da kanta tana yi, kuma a nan tarkon yake: idan ka sa sabon faifai za ta tambaye ka yadda kake son amfani da shi, ta ba ka zaɓi biyu, Like a USB flash drive da With a CD/DVD player. Kowa ya ga na biyun sai ya ɗauka an gama magana. To, shi ma faifan ajiyar fayil kawai yake samarwa. MP4 ɗinka yana nan a MP4.

Tsarawa kuwa, wadda ake kira Authoring, ita ce sauya bidiyon zuwa irin wanda na'urar DVD ta sani, da jera shi yadda take nema. Tsarin DVD ya fito ne a Japan a 1996, tun kafin a san waya za ta ɗauki bidiyo, kuma ƙa'idojinsa ba su canza ba. Bidiyon galibi nau'in MPEG-2 ne. Dole a samu folda mai suna VIDEO_TS. A cikinta akwai fayilolin VOB, su ne hoto da sauti, kuma kowanne ba ya wuce 1GB, shi ya sa ake yanka dogon bidiyo gida-gida. Akwai fayilolin IFO, su ne taswirar da ke gaya wa na'ura inda za ta fara, inda kowane babi yake, da abin da za ta yi idan an danna maɓalli. Sai BUP, kwafin IFO ne na ko-ta-kwana idan faifan ya karce. Wayarka kuwa tana ɗaukar bidiyo ne da H.264 ko HEVC, waɗanda aka ƙirƙiro shekaru bayan DVD. Na'urar ba ta san su ba.

Saboda haka duk manhajar da za ka sauke, tambayar farko ita ce: tana gina VIDEO_TS daga MP4? Ka nemi kalmar DVD-Video ko Authoring a bayaninta. Idan abin da take alfahari da shi Data Disc ne da ISO kawai, mai bugawa ce, tana da amfaninta amma a mataki na ƙarshe.

Wani zai ce ai na'urarsu an rubuta MP4 a jikinta, har da wurin sa filashi. Gaskiya ne, na'urori da yawa masu araha suna karanta fayil kai tsaye. Sai dai MP4 ɗin da suke nufi yawanci tsohon nau'in nan ne na DivX da Xvid da ke zuwa a fayil ɗin AVI, ba na waya ba. Idan na'ura ɗaya ce tilo kake nufi kuma kana iya gwadawa, wannan hanyar ta fi sauƙi. Idan kuwa faifai biyar za ka raba wa gidaje biyar da ba ka san na'urorinsu ba, DVD-Video ne kaɗai abin dogaro.

Kayan aiki

Kwamfuta dole ce. Akwai manhajojin waya da ke iƙirarin suna buga DVD, amma abin da suke yi bai wuce sauya nau'in fayil ko ajiye hotuna a faifai ba. Yawancin sababbin laftof ba sa zuwa da wurin sa faifai, sai ka sayi na waje mai wayar USB. Ka duba jikinsa: idan DVD-ROM aka rubuta, karatu kawai yake yi. Wanda aka rubuta DVD-RW ko DVD Writer kake nema.

Faifan kuma ka sayi DVD-R mai 4.7GB. Akwai DVD+R, shi ma yana aiki a yawancin na'urori, amma DVD-R ya riga shi fitowa, tsofaffin na'urori sun fi saninsa. Mai RW ana iya gogewa a sake bugawa, ya dace da gwaji, sai dai wasu na'urorin suna wahalar karanta shi. Mai hawa biyu na 8.5GB ban ba ka shawararsa ba. Ya fi tsada, kuma a daidai inda ake sauya hawa ne na'urori masu rauni suke tsayawa. Kada ka karɓi CD a madadinsa don mai shago ya ce duk ɗaya ne. CD 700MB ne, kuma VCD ake yi da shi, wanda hotonsa ɗigo 352 ne a 288.

Wajen ɗauko bidiyon daga waya, ka yi amfani da wayar USB ko mamori. Bidiyon da ya biyo ta WhatsApp an riga an matse shi, sai dai idan a matsayin Document aka turo shi. Idan wani ne ya ɗauka, ka roƙe shi asalin fayil ɗin.

Wace manhaja?

Wadda nake nuna wa kowa ita ce DVDStyler. Kyauta ce, lambobinta a buɗe suke, tana aiki a Windows da Mac da Linux, ba ta manna tambarinta a kan bidiyonka, kuma tana yin aikin duka biyun. Fuskarta ta tsohon yayi ce, kada wannan ya dame ka. A ƙarƙashinta FFmpeg ne ke sauya bidiyon, wata manhaja mai suna dvdauthor ke gina foldar, kuma dukansu sanannu ne a wannan fage.

Idan ka yi bincike za ka ci karo da wasu sunayen. DVD Flick ana yawan ambatonta a tsofaffin darussa, kuma a zamaninta ta yi aiki, amma tun 2009 ba a sabunta ta ba, HEVC kuwa sai 2013 ya fito, don haka bidiyon sababbin wayoyi zai ba ta wahala. Windows DVD Maker tana cikin Vista da Windows 7, Microsoft ta cire ta tun daga Windows 8. Duk shafin da ya ce yana ba ka ita don Windows 10 ko 11, wata manhajar ce daban aka laƙaba wa sunan. Masu Mac sun rasa iDVD, amma akwai wata ƙarama ta kyauta mai suna Burn. Masu Linux suna da DevedeNG. A cikin na kuɗi akwai ConvertXtoDVD da Nero, suna da sauƙin sha'ani, sai dai don faifai uku ko huɗu ban ga dalilin biya ba.

ImgBurn ta cancanci magana ta daban. Mai bugawa ce kawai, ba ta sauya bidiyo, amma wajen bugawa da tantance abin da aka buga tana da kyau ƙwarai, duk da cewa fitowarta ta ƙarshe a 2013 ne. An san fayil ɗin girka ta da zuwa da tallan wasu manhajoji, saboda haka ka karanta kowane shafi kafin ka danna Next. HandBrake ma ba ta yin DVD, amma za mu buƙace ta nan gaba.

Waɗanda za ka yi hattara da su su ne masu fitowa a sahun farko idan ka rubuta free DVD burner a Google. Da yawansu kyauta ne wajen saukewa kawai. Sai ka gama jera bidiyo, ka jira awa guda, sannan ka ga tambarin kamfani a tsakiyar fuskar amarya, ko a ce minti kaɗan na farko kawai za a buga sai ka biya. Kowace manhaja ka sauke ta daga shafinta na asali.

Zaɓi huɗu da ke farkon DVDStyler

Da ka buɗe ta za ta nemi sunan faifai, girmansa, nau'in bidiyo, fasalin allo da nau'in sauti. Sunan ka rubuta shi da haruffa marasa lanƙwasa, kamar BIKI_2024. Girma 4.7GB. Sauti AC3. Fasalin allo 16:9 idan a kwance aka riƙe wayar.

Nau'in bidiyo ne ke buƙatar tunani. PAL hotuna 25 ne a daƙiƙa, girmansa ɗigo 720 a 576, shi ne tsarin talabijin na Najeriya da Ghana da yawancin Turai, kuma shi ake bi wajen faifai a Nijar. NTSC na Amurka da Japan ne, hotuna 29.97 a daƙiƙa, ɗigo 720 a 480. A ƙa'ida PAL ne namu. Amma yawancin wayoyi hotuna 30 suke ɗauka a daƙiƙa, kuma idan aka mayar da 30 zuwa 25, ana zubar da hoto ɗaya cikin kowane shida. A bidiyon da mutane ke zaune ana addu'a ba za ka lura ba. A bidiyon hawan sallah, ko inda mai ɗauka yake juya waya daga wannan gefe zuwa wancan, za ka ga hoton yana ɗan tsalle-tsalle. Yawancin na'urorin da ake sayarwa a kasuwanninmu suna karanta NTSC ma, haka talabijin na bango. Ra'ayina shi ne: idan ka san gidan talabijin na zamani gare su, kuma bidiyon mai motsi ne, ka zaɓi NTSC. Idan tsohuwar talabijin ce mai ƙeya, ko ba ka san inda faifan zai je ba, ka tsaya a PAL, domin wasu tsofaffin suna nuna NTSC baƙi da fari. Mai iPhone da bai riga ya ɗauki bidiyon ba yana iya kunna Show PAL Formats a saitin kyamara, ya ɗauka da 25 tun farko.

Bayan nan za ta nuna maka samfuran menu. Ka zaɓi mafi sauƙi, ko ka ƙi zaɓar ko ɗaya don bidiyon ya fara da kansa da zarar an sa faifan. Ga dattijon da rimot ɗinsa rabin maɓallan sun goge, wannan ya fi alheri. Idan za ka yi menu, rubutun hoto yake zama, saboda haka ɗ da ƙ da ɓ za su fito daidai muddin salon rubutun da ka zaɓa yana da su. Kada ka kai rubutu bakin allo, tsofaffin talabijin suna cinye gefe.

Sai ka jawo bidiyoyinka ka jera su a layin ƙasa yadda kake so su biyo juna. Ka danna kowanne sau biyu ka ga bayanansa: a nan ake rubuta lokutan babi-babi don a iya tsallakawa da rimot, a nan kuma ake faɗa masa ya wuce na gaba idan ya ƙare maimakon ya koma menu.

Minti nawa faifai zai ɗauka?

Ba girman fayil ɗin wayarka ake dubawa ba, tsawonsa ake dubawa, domin za a sake matse shi gaba ɗaya. Lissafin ga shi. Faifan 4.7GB yana ɗaukar megabit 37,600. Awa biyu daƙiƙa 7,200 ce. Ka raba, za ka samu kusan megabit 5.2 a kowace daƙiƙa, a ciki har da sauti da menu. Wannan ya isa hoto mai kyau. Awa ɗaya za ta samu kusan iyakar abin da DVD ya yarda da shi, wato megabit 9.8 na hoto, kodayake gara a tsaya wajen 8 saboda na'urori masu rauni. Awa uku kuwa ta faɗo ƙasa da 3.5, kuma bidiyon waya da aka ɗauka da daddare, hannu na rawa, shi ne ya fi saurin farfashewa a irin wannan matsi. Idan bikin ya kai awa uku, ka raba shi faifai biyu. DVDStyler tana nuna maka mintunan da suka rage a ƙasan fuskarta.

Kada ka yi mamaki idan kwamfuta ta nuna faifan 4.38GB ne. Bambancin ƙidaya ne tsakanin masu ƙera faifai da Windows, ba a cuce ka ba.

Halayen bidiyon waya da ke ɓata aiki

Na farko, bidiyon tsaye. DVD bai san shi ba. Ko dai ya fito a tsakiya da baƙi a dama da hagu, ko a ja shi ya cika allo kowa ya zama gajere mai faɗi. Ka tabbatar zaɓin Keep aspect ratio yana kunne, ka haƙura da baƙin gefen.

Na biyu, baki ya riga murya ko murya ta riga baki. Waya ba ta riƙe adadin hotunanta daidai. Idan haske ya ragu ko ta yi zafi sai ta rage, sannan ta koma. DVD kuwa adadi ɗaya yake so daga farko har ƙarshe. A gajeren bidiyo ba a ganewa, a na minti arba'in sai ka ga mai wa'azi ya rufe baki ana jin maganarsa. Maganin shi ne ka fara bi da fayil ɗin ta HandBrake: a sashen Video ka zaɓi 25 idan PAL za ka yi, ko 29.97 idan NTSC, ka danna Constant Framerate, sannan ka kai sabon fayil ɗin DVDStyler. Wannan matakin yana kuma warware matsalar HEVC idan manhajarka ta ƙi karɓarsa.

Na uku, launi ya koɗe. Sababbin wayoyi, kamar iPhone 12 zuwa sama, suna ɗaukar HDR, kuma idan aka sauya shi kai tsaye sai jan leshi ya koma kamar ya sha wanki. A HandBrake ɗin dai, sashen Filters, ka sa Colorspace a BT.709.

Ga masu son rubuta umarni da hannu, layi ɗaya na FFmpeg yana fitar da bidiyon da ya cika ƙa'idar DVD:

ffmpeg -i biki.mp4 -target pal-dvd -aspect 16:9 biki.mpg

Wannan na bidiyon kwance ne, kuma fayil kawai ya ba ka, har yanzu sai an gina masa VIDEO_TS.

Kada ka buga kai tsaye

Idan ka danna Burn a DVDStyler za ta ba ka zaɓi: ta gina foldar kawai, ta haɗa fayil ɗin ISO, ko ta buga a faifai. Ka zaɓi ISO. Shi hoton faifan ne gaba ɗaya a fayil ɗaya. Ka buɗe shi da VLC, ka gwada menu, ka tsallaka zuwa kusan ƙarshe ka ga ko baki da murya suna tare. DVD-R sau ɗaya ake rubuta shi, kuskuren da ka gani a ISO bai ci maka faifai ba.

Idan ya yi, ka danna ISO ɗin da maɓallin dama ka zaɓi Burn disc image, Windows tana da wannan tun daga Windows 7, ko ka yi amfani da ImgBurn idan kana son ka zaɓi gudu da kanka. Ko da an rubuta 16x a jikin faifan, ka buga a 4x ko 8x. 'Yan mintuna ne bambancin, kuma tsofaffin na'urori sun fi karanta wanda aka buga a hankali. Ka kunna Verify don ta sake karanta abin da ta rubuta. Ka tabbatar batirin laftof yana da caji kafin ka fara, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugu, faifan ya tafi ke nan. Kada ka kwafi fayil ɗin ISO ka manna a faifai kamar sauran fayiloli, wannan komawa ce matsalar farko.

Sannan ka gwada a na'urar DVD ta gaske kafin ka buga sauran. Kwamfuta tana karanta kusan komai, shaidarta ba ta isa ba. Batun lambar yanki da ke hana faifan finafinan waje buɗewa bai shafe ka ba, faifan da ka buga da kanka ba shi da ita.

Idan shago za ka kai

Ba kowa ke da kwamfuta ba, kuma masu shagon tura finafinai da masu ɗaukar bidiyon biki da yawa suna wannan aikin. Ka faɗa musu a fili cewa wanda na'urar DVD za ta karanta kake so, kuma a gwada a gabanka. Abu mafi muhimmanci, kada ka miƙa wayarka. Ka kwafi bidiyon da kake so kaɗai a filashi. Bidiyon kamu ko na walimar mata amana ce ta mutanen da ke ciki, kuma kwamfutar shago hannu da yawa ke taɓa ta. Ka tsaya a goge fayil ɗin da ISO ɗin, har daga Recycle Bin, kafin ka tafi.

Faifan na kallo ne, asalin ka ajiye

Bidiyon 1080p ɗigo 2,073,600 ne a kowane hoto. Na PAL 414,720 ne, kashi ɗaya cikin biyar daidai. Idan 4K ka ɗauka, kashi ɗaya cikin ashirin ya rage. Abin da aka zubar ba ya dawowa daga faifan. Saboda haka kada ka goge asalin bidiyon don wayarka ta cika kuma ai yana kan DVD. Ka ajiye shi a wuri biyu, ka ajiye ISO ɗin kusa da shi, duk ranar da faifan ya karce ko wani ɗan'uwa ya nemi nasa, minti goma sun isa ka buga wani.

Faifan da aka buga a gida bai kai na kamfani ƙarko ba, domin sinadarin da lezar ta rubuta a kai zafi da hasken rana suna lalata shi. Kada a bar shi a mota ko a kan na'ura mai zafi. A rubuta suna a samansa da maka mai laushi, ba biro ba, kuma kada a manna masa takarda, tana sa shi rawa idan yana juyi. Lokacin hunturu ƙura takan rufe idon na'urar ita kanta, sai faifai mai lafiya ya riƙa tsayawa. Kafin ka zargi bugunka, ka gwada wani faifan a na'urar. Idan na ɗan datti ne a jikin faifan, a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba.